Ɗan Haya a Rumbuna

A Titin Beirut na sayo ta, ranar wata Laraba,
kwamfuta 'yar hannu, murfinta duk ƙarzuna.
Tasi'u ya ce, "Fes take, ni na wanke ta,
ko tarin tsohon mai ita ba za ka ji ba."
Na biya, na rungumo ta a Adaidaita
har shagona da ke bakin Kabuga.

Wata uku ina buga wa ɗalibai aikinsu,
takardun neman aiki, katin walimar sauka,
sai ran nan rumbu ya yi ja, wai ya cika.
Na ɗauki tsintsiya.
Na share hotunan da ba su fito ba,
na share wasiƙun da masu su suka karɓa,
can a ƙurya na tarar da ita:
wata folda mai suna ba suna ba,
lambobi da baƙaƙe sun fi talatin,
kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan allo.

Na danna na ce tafi.
Ta ce, "Ba ka da izini."
Ni? Da kuɗina?
Na ƙara dannawa. "Nemi yardar mai ita."
To wa ke da ita in ba ni ba,
ga rasit a aljihuna, har da hatimi?

Na raɗa mata sabon suna, ta ƙi amsawa.
Na ja ta zuwa kwandon shara, ta turje.
Na kashe, na kunna, na zare batir,
'yan wuta ma suka taya ni, suka ɗauke sau biyu.
Da haske ya dawo tana nan daram,
ɗan hayar da ya fi mai gida sanin hanyar kotu.

Ladidi mai fotokwafi ta leƙo ta ce cuta ce,
kada in kuskura in soka filashina wajenta.
Maigadin layi ya ce shi dai a saninsa
abin da ya ƙi tashi da rana, da dare yake yawo.
Daren nan sai da na kifa ta kafin in kwanta.

Asabar na koma Beirut.
Tasi'u na cin gurasa, ya goge hannu a wando,
ya duba, ya yi dariyar da ta ba ni haushi.
"Ba aljani ba ne, Malam Sabitu.
Sunan mai ita ne ya goge, lambarsa ta rage,
injin kuwa bai san an yi ciniki ba.
Bari in yanka maka takardar mallaka."

Ya buɗe wani baƙin allo, ya yi 'yan rubuce-rubuce.
Ƙofa ta buɗe.
Muka sa kai mu biyu.

Wayam.
Nauyinta sifili.
Sai kwanan wata kawai, shekara sha ɗaya baya,
ƙarfe uku da kwata na dare.

Ashe ba ita ta cika mini rumbu ba.
Can gefe ya nuna mini ɓarawon:
muryoyin mahaifiyata da na kwafo daga tsohuwar waya,
ɗari huɗu da 'yan kai,
yawancinsu "Ka ci abinci?" ne.

"In goge foldar?" Yatsansa na kan maɓalli.

Na tuna wani, ban san garinsu ba,
ido biyu ƙarfe uku da kwata,
ya buɗe ɗaki, bai sa komai ba, ya fita.

Na ce bar ta, ba ta cin tuwona.
Nawa ne rumbu mafi girma?
Ya ce sha takwas. Muka tsaya a sha biyar.